Warin Silifa a Gaɓar Lamu

Silifa ba ta isowa gaɓar teku tare da 'yar'uwarta. Kullum wari ɗaya ce, rana ta koɗar da ita, igiyarta ta tsinke, amma shatin diddigen mai ita yana nan a jiki. A tsibirin Lamu na ƙasar Kenya, inda jaki ne abin hawa saboda lungunan garin sun yi wa mota ƙunci, ruwa kan kwaso irin waɗannan takalma ya jibge a kan yashi, haɗe da robobin ruwan sha da murafensu. Baƙon da ya kashe kuɗinsa don ya taka farin yashi, in ya tarar da juji ba ya komowa. Mai masauki da mai kwale-kwalen kai baƙi yawo su ke fara ji a aljihu.

Kenya ta haramta leda a 2017, sannan a 2020 ta hana shiga gaɓar teku da gandun namun daji da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. Doka ce mai kyau, sai dai abin da ke hannun mutum take iya tarewa. Wanda teku ya kawo, ba ruwansa da doka.

Shi ya sa aikin Ali Skanda ya shiga raina. Gwanin ƙera jiragen ruwa na gargajiya ne, ɗan Lamu. Shi da abokan aikinsa suka sa aka tara robar, aka narka ta, aka zubo alluna da ginshiƙai, suka haɗa jirgi mai tsawon mita 9 kamar yadda kakanninsu ke haɗa na katako. Sai suka lulluɓe jikinsa da silifa kusan 30,000 da aka tsinto, aka yanka aka jera, ja kusa da shuɗi, shuɗi kusa da rawaya. Suka raɗa masa suna Flipflopi.

A watan Janairun 2019 jirgin ya tashi daga Lamu, iska na tura shi, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 har Zanzibar. Yana tsayawa a garuruwan gaɓa, jama'a na fitowa kallo. Takalmin da ya saba korar baƙo daga bakin ruwa, sai ga shi yara 'yan makaranta na miƙa hannu su shafa shi a jikin jirgi.