Dawakan da Muka Ƙara a Babi na Tara

Wannan makon asirin kanmu za mu tona.

A labarin da muke haɗawa mu biyu, akwai wurin da jaruminmu ya ɗaura wa tsohuwar motarsa turbo don ya tsere wa masu bin sa. Muka rubuta da gadara cewa ƙarfin injin ya ninka sau uku. Jimlar ta yi mana daɗi a baki, shi ya sa ba mu tambayi kowa ba. Sai da muka karanta wa wani kawunmu babin, bakanike ne da ya tsufa a gareji, ya bari muka kai aya sannan ya ce, "Yarana, wannan motar taku ba za ta kai bakin titi ba."

Ya tsuguna, ya ɗauki ƙusa yana zane a ƙasa. Ya ce injin da iska yake rayuwa, fetur ɗin ma sai ya samu iska yake ƙonewa. Turbo kuwa hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya masa wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa ƙarin iska cikin silinda. Iskar da muke shaƙa tana da matsi wajen psi 14.7 a gaɓar teku. To in turbo ya ƙara psi 7, sai a haɗa su, 21.7 ke nan, a raba da 14.7. Abin da ya fito, kusan 1.48, shi ake ninka ƙarfin injin da shi. Injin mai ƙarfin doki 100 ya koma 148.

Har mun fara murna, ya ɗaga hannu. Wannan a takarda ne, in ji shi. Iska in aka matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka ake sa mata na'urar sanyayawa kafin ta shiga injin. Ga turbo ɗin kansa yana tare wa hayaƙi hanya. In an cire waɗannan, doki 130 zuwa 140 za a samu, kuma sai an ƙara fetur daidai da iskar.

"Kawu, to ninki ukun fa?"

Ya sake zanawa. Kafin 100 ya zama 300, ko a takardar ma, sai an ƙara matsi kusan psi 30. Injin da ba don haka aka ƙera shi ba, fetur zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, gasket ya ƙone, fistin ya narke. Wato mun kashe jaruminmu da hannunmu ba mu sani ba.

Abin ya yi mana ciwo, gaskiya, don babin nan shi muka fi ji da shi. Ɗayanmu ma ya ce ai labari ne, wa zai tsaya lissafi? Amma direbobi da yaran gareji suna cikin masu karanta mu, kuma ga ɗaya ya kama mu tun kafin labarin ya fita daga gida.

Mun sake babin. Yanzu psi 7 jarumin ya sa, ratar da ya ba masu bin sa kaɗan ce, kuma idonsa na kan allurar zafi tana hawa a hankali tun daga fitarsa gari.