Farin Faranti A Tafkin Ikko

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana zaune a bakin tafkin Ikko, amma har yau in ya buɗe baki kowa ya san mutumin Yawuri ne. Mahaifinsa basarke ne, wanda ya ƙaura da iyalinsa zuwa Kudu bayan da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirin da suke zaune. A wurin tsohon nan ya koyi cewa ruwa yana da fuska, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. In tsohon ya ga ruwa ya yi kore-kore, sai ya ce a zuba taru. In ya ga ya yi baƙi yana ɗoyi, sai ya juya kwalekwale bai ce uffan ba.

Tafkin nan ba kamar Kwara yake ba, domin mahaɗa ce ta kogi da teku. Da damina kogin Ogun yakan kwararo da ruwan daɗi da laka, da rani kuma ruwan gishiri ya kutso ta bakin tashar jiragen ruwa, tafki ya ɗan washe. A irin wannan gauraye ne karfasa da ƙaguwa da jatan lande ke girma.

Wata rana wani malamin jami'a da ɗalibansa suka yi hayar kwalekwalensa. Da suka kai tsakiya sai ya ga sun fito da wani farin faranti ɗaure da igiya, suna zura shi a hankali har ya ɓace wa gani, sa'an nan su auna igiyar su rubuta. Dariya ta kama shi, ya ce, "Malam, yaushe kifi ya fara cin abinci a faranti?" Malamin ya yi murmushi ya ce, "Baba, tsabtar ruwa muke aunawa." Ya gaya masa faɗin farantin santimita 30 ne, kuma wani limamin Kirista ɗan Italiya, masanin taurari, mai suna Angelo Secchi, shi ya fara gwada shi a Bahar Rum a 1865. In farantin ya yi nisa kafin ya ɓace, hasken rana na ratsa ruwan sosai. In ya ɓace nan da nan, akwai abin da ya tare hasken.

Daga baya suka ɗiga masa ruwan tafkin a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Ya leƙa, ya yi salati. Ɗigo ɗaya cike da ƙananan tsirrai, dangin gansakuka, waɗansu kamar allura, waɗansu kamar carbi. Su ne koren da mahaifinsa ke nema bai san su ba. Ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su ci halittun, manya su ci ƙanana. Kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa daga irin waɗannan take fitowa.

To, amma kome ya yi yawa ɓaci yake yi. In ƙazantar gari da takin zamani suka malala cikin tafki, tsirran nan sukan hayayyafa fiye da kima, su mutu, su ruɓe, ruɓar ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ga garin katako da aka daɗe ana zubarwa a gefen Ebute Metta, ga masu haƙar yashi suna dagula laka. Bai kuma manta da 1984 ba, lokacin da baƙuwar kainuwa mai fure ta shigo ta Badagry daga ƙasar Benin, ta rufe fuskar ruwa, ta hana rana shiga, ta hana kwalekwale wucewa.

Yanzu ya yi nasa farantin da murfin bokitin fenti, ya ɗaura masa dutse, ya ƙulla igiyar kamu-kamu. Kowace Asabar yakan auna a wuri guda, ya rubuta da ajami. Yana da jika mai son su, littafin nan kuwa shi zai nuna masa ko ya koya wa yaron sana'ar gado, ko ya tura shi koyon kanikanci.

Jama'a, Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar binciken teku a Ikko tun 1975, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da za a raba wa masunta irin wannan faranti, a riƙa karɓar abin da suka rubuta, da an ga ɓarna tun tana ƙarama, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya sa masu iko su ji, amin.