Bindiga Harbi Biyu Take Yi



A zaman karatu na ƙungiyarmu na watan jiya aka yi mana wata dariya da har yau ba mu manta ba. Ɗaya daga cikinmu ne yake karanta babin ƙarshe na labarinsa: jarumin ya je Amurka karatu, abokansa suka ɗauke shi farauta cikin duwatsun Kolorado, ya ɗaga doguwar bindiga da hannu ɗaya, ya harba sau uku a jere yana murmushi. Muka tafa. Sai Baba maigadin makarantar da muke aron ajinta, wanda tsohon soja ne, ya leƙo ta taga yana dariya har da riƙe ciki.

"'Ya'yana, wannan jarumin naku ba shi da kafaɗa ne? Ai bindiga harbi biyu take yi, ɗaya gaba, ɗaya baya irin na jaki."

Mai labarin ya ce, "Baba, ai haka muke gani a fim."

"To fim kuka rubuta ke nan," in ji Baba, ya koma bakin ƙofarsa.

Kunya ta sa muka shiga bincike, ga kuma abin da muka samo.

Harbin bayan nan, Isaac Newton ya bayyana dokarsa tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Idan aka ja kunama albarushi ya kama, iska mai zafi ta ingiza harsashi gaba, bindigar kuma ta koma baya ta daki kafaɗa. Iskar da ke biyo harsashi ta fice da gudu ita ma tana ƙara nata dukan. Gwargwadon nauyin harsashi da yawan albarushi, gwargwadon zafin dukan. Bindiga mai nauyi kuwa takan sassauta shi. Shi ya sa mafarautan Kolorado da Montana masu neman ƙatuwar barewar da suke kira elk suke tsaka mai wuya. Suna son bindiga marar nauyi saboda hawan dutse, suna kuma son harsashi mai ƙarfi irin .300 Winchester Magnum, wanda aka fito da shi a 1963. In an haɗa biyun, kafaɗa ce ke shan wuya.

Abin bai tsaya a ciwo ba. Wanda bindiga ta saba dukansa, jikinsa kan tsorata tun kafin ya ja kunama, ya runtse ido, ya ɗan zabura, saiti ya kauce. Sai ya raunata dabba maimakon ya kayar da ita, ta shige daji da ciwo.

Maganin da yawancinsu ke nema shi ne birkin bakin bindiga. Guntun ƙarfe ne mai hujoji da ake murɗawa a bakin bututun. Harsashi zai wuce ta tsakiya, iskar kuma ta daki bangwayen da ke ciki ta fita ta gefe. Dukan da ta yi wa bangwayen yana jan bindigar gaba, sai harbin baya ya ragu, a wasu har kusan rabi. Wanda ya taɓa lura da kan ƙarfen da ke bakin babbar igwar soja ya ga irinsa.

Mai zaɓa yakan fara duba ko ramin tsakiya ya dace da girman harsashinsa, kuma birkin ya zauna daidai, don in ya karkace harsashi na iya gogar sa. Sannan ya duba inda hujojin suka fuskanta. Mai huji ta kowane ɓangare yana tayar da ƙura ta cika ido idan an harba a kwance. Mai tagogi a gefe biyu ya fi rage wannan. Mai ƙarin huji a sama yana hana bakin bindiga tsalle, har maharbi ya ga inda harsashinsa ya sauka. Bayan an ɗaura kuma sai an sake gwada saiti, domin masaukin harsashi yakan sauya.

Amma abin da ya tsaya mana a rai shi ne, birki juya iskar yake yi, ba ya kashe ta. Ƙarar irin wannan bindiga dama ta haura desibel 140, matakin da harbi ɗaya zai iya lalata ji har abada. Da birki kuwa, ƙarar da bugun iskar sun fi isa ga maharbi, sun kuma fi muni ga na gefensa. Shi ya sa jagororin farauta da yawa a Afirka ta Kudu da Namibiya ba sa son sa, domin su da masu bin sawu ne ke tsaye a gefe, sau da yawa kunne a buɗe don su ji motsin daji. Ashe mai zaɓen birki yana zaɓen wanda zai ɗauki abin da kafaɗarsa ta sauke.

'Yan'uwa, cikin masu karanta mu akwai mutanen Zamfara da Katsina da ƙarar bindiga ta fitar daga gidajensu cikin dare. Idan muka rubuta ta kamar sandar wasa, marar nauyi, marar ɓarna, su ne za su fara gane ƙarya muke yi, kuma ba za su yi dariya irin ta Baba ba.

Abokinmu ya sake rubuta babin. Yanzu jarumin ya ari bindiga mai birki, ya kafa ta a kafaɗa da hannu biyu, ya harba sau ɗaya. Ya juya da murna yana yi wa abokinsa magana, sai ya gan shi durƙushe, dafe da kunne, ba ya jin abin da ake faɗa.

Muka kai wa Baba har bakin ƙofa muka fara karanta masa. Ya tsayar da mu, ya juyo da kujerarsa.

"Ku dawo ta dama, 'ya'yana. Kunnen hagu ya riga ni yin ritaya."

Muka koma ta dama, muka faro daga farko.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.