Kishiyata Mai Ƙafa Huɗu

'Yan uwana mata, wata shida na yi ina kishi da mota. Tsohuwar Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, ta marigayi surukina. Maigida ya sa bakanike ya sauke injin, aka sake fistin da ringi, aka wanke kafireta, aka liƙe lagireto. Kullum yana Ƙofar Ruwa neman kaya, kuɗin cefane kuwa sai raguwa yake. Ranar da na ƙule na ce masa, "Ko ni ko ita!"

Ran da aka tashe ta, sai ga Hajiya ta dafa ƙyaure tana hawaye. Ta ce, "Allahu Akbar, kukan motar Malam."

Wallahi kunya ta rufe ni. Tun daga ranar, kafin in yi mita sai na tambayi dalili.