A Jirgin Gaɓar Norwe: Shirin Baƙo da Abin da Ido Ya Gani

Kowane dare, da ƙarfe takwas da rabi, jirgin ruwa yakan tashi daga birnin Bergen da ke yammacin ƙasar Norwe ya nufi arewa. Tashoshi 34 ne a kan hanyarsa. A rana ta bakwai yake isa Kirkenes, garin da ke dab da iyakar Rasha, sannan ya juyo ya sake bin gaɓar har ya dawo Bergen a rana ta goma sha biyu. Rani da damina, dusar ƙanƙara ko rana, haka ake yi, sai fa in guguwa ta hana shi shiga wata tasha ya wuce ta gaba. Wannan hanya na bi a watan Maris, kuma har yanzu ban ga wata tafiya da ta cika mini ido kamarta ba.

Asalin hanyar ya faro ne a ranar 2 ga Yuli, 1893, lokacin da wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ya tashi daga Trondheim da jirginsa Vesteraalen zuwa Hammerfest. Kafin wannan lokaci, wasiƙa kan yi mako uku tsakanin garuruwan biyu a lokacin zafi, a lokacin sanyi kuwa takan yi watanni. With ya yarda zai riƙa tafiya har da dare, cikin duhun hunturun arewa, a tsakanin tsibirai da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, sai tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Sunan Hurtigruten ne ya shahara a kan hanyar. Amma da gwamnati ta sabunta kwangila, sai ta raba aikin gida biyu: jirage bakwai ga Hurtigruten, huɗu ga wani sabon kamfani, Havila, wanda jirginsa na farko, Havila Capella, ya fara aiki a watan Disamba na 2021. Da wannan sabon kamfani na yi tafiyata.

Da na kai maganar ga mai yanka mini tikitin jirgin sama a Kano, sai ya ce, "Alhaji, ni fa ban taɓa jin sunan nan ba. Ka tabbata kuɗinka ba za su bi ruwa ba?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce tambayar da ya kamata duk wanda zai shiga jirgin kamfanin da bai sani ba ya fara yi wa kansa. Hotunan talla duk iri ɗaya ne: fararen jirage, shuɗin ruwa, mutane na murmushi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin waye ke bayan kamfanin da kuma wa yake yi wa aiki. Havila na dangin Saevik ne, mutanen garin Fosnavag da suka daɗe a harkar jiragen ruwa, kuma jiragen suna tafiya ne bisa kwangilar gwamnatin Norwe, wadda ke biyan tallafi domin a ci gaba da kai mutane da kaya ƙananan garuruwan gaɓa. Kamfanin da hukuma ke riƙe da jadawalinsa ba zai wayi gari ya ɓace ba.

Sanin wannan ya sauya mini shirin gaba ɗaya. Wanda ya saba ganin manyan jiragen shaƙatawa a talabijin, masu gidan caca da dandalin rawa da fasinjoji dubu biyar, zai zo da tsammanin da ba za a cika masa ba. Wannan jirgin aiki ne. Tsawonsa mita 124, yana ɗaukar mutum 640, kuma ya fi kama da motar kasuwa da ke bin ƙauyuka tana sauke wannan tana ɗaukar wancan, sai dai ita wannan motar tana da ɗakunan kwana masu tsafta da manyan tagogi. Ba a buƙatar kayan ado don cin abincin dare. Babu makaɗa. Abin kallon yana waje, bayan gilashi.

Don haka akwatina ya cika da kayan sanyi ne kawai. Rigar sanyin da ke wadatar da mutum a hunturun Kano ba ta isa komai ba a bisa jirgi a Tekun Barents. Mutanen ƙasar sukan sa tufa hawa-hawa: ta ulu mai kama jiki a ciki, mai kauri a tsakiya, sannan wadda iska da ruwa ba sa ratsawa a waje, da hula mai rufe kunne da safar hannu. Akwai kuma wasu ƙananan ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi saboda santsin ƙanƙara a titunan garuruwan arewa. Ana samunsu a shagunan Bergen. Abin mamaki, sanyin gaɓar bai kai yadda mutum zai zata ba in ya dubi taswira, domin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga yankin Tekun Meziko yana hana tashoshin daskarewa. Iskar ce ke yanka fuska.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Kuɗin ƙasar krone ne, amma kusan ko'ina da kati ake biya, har mai sayar da shayi. A tabbatar katin banki yana aiki a waje kafin a bar gida. Ƙasa ce mai tsada ƙwarai, shi ya sa tikitin da ya haɗa da abinci sau uku ya fi sauƙi. Jiragen wannan hanya ba sa yawo da likita, tunda kullum ana kusa da gari, saboda haka mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga ya zo da abinsa isasshe. A haɗa da maganin tashin zuciya. Yawancin tafiyar ana yin ta ne a bayan tsibirai inda ruwa yake kwance, amma akwai wuraren da jirgi ke fita fili, kamar Stad da Folda da Vestfjorden, inda igiyar ruwa ke jijjiga shi na wasu sa'o'i. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa ya fi kwanciyar hankali.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne ibada, kuma ina ganin nan ne ɗan'uwa Musulmi ya kamata ya fi ba wa lokaci. Mu da muka tashi muna kallon gabas, a can alƙibla kudu maso gabas take, a Kirkenes ma ta kusa zama kudu sak, ga shi jirgi yana ta karkata tsakanin tsibirai. Manhajar alƙibla a waya tana taimakawa, kuma allunan da ke cikin jirgi suna nuna inda ya dosa. Kafin tafiya na zauna da malamina a kan hukuncin ƙasaru da salla a cikin jirgi. Na kuma sa ƙaramar buta a akwati, domin banɗakinsu ba a yi shi don mai tsarki da ruwa ba. Zaɓen watan Maris ma saboda salla ne: a lokacin dare da rana sun kusa daidaita, lokutan salla suna nan a bayyane. Da a tsakiyar shekara ne, a Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa ƙarshen Yuli, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa. A garin akwai masallacin Alnor, inda jama'a ke bin lokutan Makka idan rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa. Jirgi yana tsayawa sa'o'i huɗu a Tromso a hanyar arewa, sun isa mutum ya je ya yi salla cikin 'yan'uwa ya dawo.

Abinci kuwa, na rubuta wa kamfanin tun ina gida na faɗa musu abin da ba na ci. Da na zauna a tebur, ma'aikaciyar ta riga ta sani. Tsarinsu ya burge ni: ba a jera tulin abinci kowa ya ɗiba ya bar saura, sai dai ka zaɓi ƙananan farantai a kawo maka, in ba ka ƙoshi ba ka ƙara. Sun yi haka ne da gangan don rage zubar da abinci, kuma jerin abincin yana sauyawa gwargwadon yankin da jirgi yake ciki. Kifi ba ya yankewa. Wanda ya bar nama ya riƙe kifi ba zai ji yunwa ba, sai dai ya riƙa tambaya ko an sa giya a miya.

Na iso Bergen ta jirgin ƙasa daga Oslo, tafiyar kusan sa'a bakwai a kan layin da aka buɗe a 1909, wanda ke hawa har Finse, mita 1,222 sama da teku, inda komai fari ne fat. Kafin a bar kowa ya hau jirgin ruwa sai ya saurari bayanin matakan tsira. Daga nan aka ba ni kati ɗaya: shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne na biyan kuɗi, shi ake dannawa a fita da shiga.

Garuruwan farko sun zo da kyawunsu. Alesund, wanda gobara ta cinye a 1904 aka sake gina shi da dutse cikin 'yan shekaru, da hasumiyoyi da zane a goshin gidaje. Trondheim da tsohuwar majami'ar Nidaros. A safiyar rana ta huɗu muka tsallake layin da ke nuna farkon yankin Aktik, inda aka kafa alamar ƙwallon duniya a kan wani ɗan tsibiri. Da dare, aka yi sanarwa ta lasifika cewa hasken arewa ya fito. Muka fita da barguna, ga wani koren haske yana kaɗawa daga wannan gefen sama zuwa wancan. Babu abin da bakina ya iya furtawa sai tasbihi.

Amma ba waɗannan ne suka fi zama mini a rai ba. Ƙananan tashoshin ne: Oksfjord, Havoysund, Kjollefjord, Mehamn, Berlevag. Garuruwa ne da wasunsu da kyar mutanensu suka kai dubu, a maƙale tsakanin dutse da teku, babu ko bishiya. Jirgi yakan tsaya minti goma ko sha biyar. Ƙofar gefe ta buɗe, motar ɗaga kaya ta shigo a guje, ta fita da kwalayen abinci, kayan gini, injin wanki. Ta dawo da akwatunan kifi. Wata tsohuwa ta hau za ta ga likita a gari na gaba. Ɗalibai sun sauka da jakunkunansu. Mutum biyu ko uku ne ke duk aikin, ba ihu, ba gardama, ba mai neman na goro. A kan minti aka saki igiya. Wanda ya makara, jirgi ba ya jiransa, ko da baƙo ne da ya biya kuɗi masu yawa, domin akwai mutanen da ke jira a tasha ta gaba kuma lokacinsu yana da daraja.

A nan na gane abin da ƙasar nan ta yi. A ƙarshen 1944, sojojin Jamus da ke janyewa sun ƙone kusan duk yankin Finnmark, suka kwashe mutanensa. A Hammerfest ɗan ɗakin ibada na maƙabarta ne kawai ya tsira. Mutane suka dawo suka sake gini a kan toka. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin cewa mazaunin ƙauyen masunta a ƙarshen duniya yana da haƙƙin jirgi ya zo masa kullum kamar yadda mazaunin Oslo yake da haƙƙin jirgin ƙasa. Wannan adalci ne, kuma na yi sha'awarsa matuƙa. Sun kuma kula da ruwan da suke ci daga gare shi: jiragen Havila da iskar gas suke tafiya, suna da manyan batura da za su iya tuƙa jirgi har sa'o'i huɗu ba hayaƙi ba ƙara.

A hanyar dawowa ne na ga amfanin yanka tikitin zuwa da komowa, domin tashoshin da aka wuce cikin dare ana ganin yawancinsu da rana. A Stokmarknes akwai gidan tarihin hanyar, inda aka sa tsohon jirgi Finnmarken na 1956 ɗungurungum a cikin gini na gilashi. Daga nan aka shiga mashigin Raftsundet, duwatsu na tsaye hagu da dama, aka fito Svolvaer a tsibiran Lofoten. Tun daga bakin tasha na hango manyan rumfunan katako, an rataye kifi bibbiyu a ɗaure ta wutsiya, dubbai a kan dubbai. Kifin kod ne da ke gangarowa daga Tekun Barents tsakanin Janairu da Afrilu don yin ƙwai. Ana rataye shi ba gishiri, iska da sanyi su busar da shi cikin watanni. Shi ne busasshen kifin nan mai tauri da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda Inyamurai ke kira okporoko, Yarabawa kuma panla. Da wani ma'aikacin jirgi ya ji daga inda na fito, sai ya nuna mini kawunan kifin da aka shanya daban, ya ce yawancinsu Najeriya za su tafi. Mutanen Lofoten sun san sunan ƙasarmu sarai, domin tana cikin manyan masu sayen kayansu.

Ga duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da Allah ya hore wa hali, ina ba da shawarar wannan tafiya da zuciya ɗaya. A zaɓi Maris ko ƙarshen Satumba saboda lokutan salla, a rubuta wa kamfani maganar abinci tun da wuri, kuma a fara da biza kafin komai. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen: ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da fasfon da zai ƙara wata uku bayan ranar fitowa, kuma ana karɓar takardun nema tun wata shida kafin ranar tafiya.