Fulofdif, tsohon birni cikin sanyi

Jama'a, Fulofdif birni ne a ƙasar Bulgariya, can Turai. Daga Sofiya, babban birnin ƙasar, tafiyar kilomita wajen 150 ce. Bisa tuddai aka gina shi, a bakin kogin Maritsa.

Mai zuwa can cikin watan Janairu, sai ya shirya. Sanyin ya fi na hunturunmu nesa. Da dare ruwa yakan daskare, ya zama ƙanƙara. Hanyoyin tsohon gari da duwatsu aka shimfiɗa su, ga hawa ga gangara. In ƙanƙara ta kwanta bisansu, mai gaggawa ƙasa zai sha. Sai takalmi mai kauri da tafiya sannu.

Tsakiyar gari akwai babban masallaci, ana ce da shi Jumaya, wato Juma'a. Turkawa suka gina shi, sun mulki birnin har 1878. Bisa tudu kuma akwai dandalin wasan Rumawa, ya kusa shekara 2000.

Amma abin kallo ga manomi yana bayan gari. Alkama tun watan Oktoba aka shuka ta. Ta tsiro, dusar ƙanƙara ta rufe ta. Kada ku ce ta mutu! Wannan farin bargo shi ke kare ta daga sanyi, in ya narke kuma ya shayar da ita. Tumaki kuwa suna cikin rumfa, suna cin ciyawar da aka yanka aka shanya tun watan Yuni. Makiyayin da bai tara ba, sai ya saya da tsada.