Motar Kara da Takardar Tafiya

Wanda ya ratsa Kalfu bayan an kai amfanin gona gida zai tarar da tasoshi biyu. Ta farko ta manya ce, inda ƴan cin rani ke jiran motar da za ta sauke su Tawa, daga can su kama hanyar Ƙonni, ko Yamai, ko Agadas. Ta biyun kuwa tana gindin dogon yaro, bayan katangar lakkol, kuma babu mai iko da ita sai yara.

A can ake ƙera kar. Yaro zai zaɓi karan dawa busasshe, ya fere ɓawonsa sili-sili, ya yayyanka totuwar, ya haɗa gangar jiki da tagogi har da wurin ɗora kaya. Taya daga tsohon silifa ake yanko ta. Mai hali ya samo gwangwanin madara da waya, ya yi tasa da ƙarfe, ya ja mata doguwar sitiyari har ƙugunsa. Aiki na ƙarshe shi ne suna, da gawayi ko da biro: RIMBO, AZAWAD. Abin da ya kamata malamai su lura da shi ke nan. Yaron da ke kuka ranar shifta bai taɓa kuskure harafi ɗaya a cikin waɗannan sunaye ba, domin a jikin motar da ta tafi da mahaifinsa ya karance su.

A Turai dattawa ne ke tara ƙananan motocin safa, suna jera su cikin gilashi, suna kafa musu ƙungiyoyi da mujallu. Ta Kalfu ba ta kwana bakwai; in akuya ba ta cinye ta ba, gara ta gama da ita.

Adar ƙasar tafiya ce tun kafin mota. Kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka shimfiɗa saboda uraniyom aka kammala wajen 1980, ta sauƙaƙa hanyar arewa. Amma abin da ya sauya tafiyar talaka shi ne yawaitar kamfanonin kar a shekarun 2000, irin su SNTV da EHGM da Rimbo da Aïr Transport. Da, mota ba ta tashi sai ta cika, ko da za a yini a kwana. Su suka saba wa mutane da tashi kan lokaci tun da asuba, da takarda mai ɗauke da sunan matafiyi, da kiran suna ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa. Yara ma sun kwashe wannan duka: ɗaya ya zauna yana yagar tsohon littafin rubutu yana sayarwa, ɗaya yana kiran tsakuwoyi da sunayen ƴan'uwansa. A 2023, da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, matafiya suka koma ƙetare kogi da kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil, sai ga yaran sun tona rami a tsakiyar hanyarsu sun zuba ruwa.

Takardar kanta ta sauya. Rubutun hannu ya ba kwamfuta wuri, kuma ɗa yana Abijan zai aiko da kuɗin motar uwarsa ta Nita ko Amana, su iso kafin ta gama ɗaure kaya. Wannan ci gaba ne, babu gardama: cinikin ɗan kamasho ya ragu, kujera ɗaya ba ta cika samun masu ita biyu ba. Sai dai tsohuwar nan ta riƙe takardar da ba ta san me ta ce ba. Kuɗin da ta ƙirga da jikka da dala an rubuta shi da lissafin faran, garinta ya zama Tahoua, lokacin tashi kuma sai ta roƙi ɗan lakkol ya duba mata. An ga wadda motarta ta tashi tana zaune kan tabarma a cikin tashar, don ba ta gane sunanta a bakin mai kira ba.

Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙungiyoyin al'adu sun yi ta maganar littattafai da ƙamus, kuma da gaskiyarsu. To amma takardar da ta fi kowace shiga hannun mutumin Adar ita ce ta mota, kalmomin da take bukata kuma ba su wuce biyar ba: suna, zango, kujera, lokaci, kuɗi. Buga su kusa da na Faransanci bai fi ƙarfin kowane kamfani ba, in an samu masu zuwa su nema.

Yaran gindin dogon yaro dai da Hausa suke rubuta tasu. Zangunan da suke kira su ne Yamai, Agadas, Abijan. Da aka tambayi wani me ya sa babu motar da ke zuwa Kalfu, sai ya ce ai wannan sai an ga hadari ya haɗu a gabas.